Masu Tsayuwa a Bakin Ƙofa: Tarihin Hidimar Tarbar Jama'a a Majami'un Damagaram

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Guna, cikin gundumar Mirya, kudu maso gabas da birnin Damagaram, ya san ba a faɗa wa gidan mutum kai tsaye. Akwai zaure. A nan baƙo yake tsayawa ya yi sallama, a turo yaro ya dubo ko wane ne, a kawo ruwa, a shimfiɗa tabarma, sa'an nan maigida ya fito ya auna ko maganar ta zaure ce ko ta cikin gida. Maginan unguwar Birni da na Zango sun san girman wannan ɗaki, shi ya sa a fuskarsa suke zuba gwanintarsu ta zane da zanko, alhali sauran katangar gidan ba ta samun ko rabin wannan ado. Zaure yana karɓar baƙo, yana kuma tsare gida daga gare shi, duka a lokaci guda, ba tare da an ci fuskar kowa ba.

Majami'ar Kirista, yadda aka saba gina ta a wannan ƙasa, ba ta da zaure. Dogon ɗaki ne guda, ƙofarsa na kallon fili, wanda ya taka dokin ƙofa ya riga ya shiga tsakiyar jama'a. Saboda haka aikin da gini yake yi a gidan Bahaushe, a majami'a mutum ne yake yin sa: wani namiji ko wata mace da ke tsaye a bakin ƙofa tun kafin a fara sujada har a watse, ba albashi, ba naɗi, sunansa kuma ba ya shiga littafin tarihi. A majami'un da ke aiki da Faransanci ana kiran ƙungiyarsu service d'ordre ko service d'accueil, wasu su ce protocole. A bakin masu sujada da Hausa kuwa su ne masu tsaron ƙofa, ko masu tarbar baƙi, ko masu karɓar baiko, gwargwadon abin da aka ga suna yi a lokacin. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Musulmi sun haura kashi 99 cikin 100 na mutanen Nijar, Kirista kuwa ba su kai ko rabin kashi ɗaya ba. Ga al'umma ƙarama irin wannan, ƙofar ɗakin ibada ita ce iyakarta da sauran gari, wanda aka ɗora a kanta kuwa an ɗora masa fiye da nuna wa mutane benci.

Aikin ya girme addinin kansa. A cikin Tsohon Alkawari, Littafin Tarihi na Ɗaya ya lissafta masu tsaron ƙofofin wurin ibada daga zuriyar Lawi: a sura ta 9 mutum 212, a sura ta 23 kuwa, inda ake zancen tsarin da Dawuda ya bari, mutum 4,000. Mai karatu Musulmi ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ya san riƙon mabuɗin Ka'aba gado ne na Banu Shaiba, wanda aka tabbatar wa Usman ɗan Ɗalha a shekarar buɗe Makka. Da Kiristanci ya bazu a daular Rum, tsaron ƙofa ya zama batun rai da mutuwa. A shekara ta 251, bayan tsanantawar da sarki Disiyus ya yi wa Kirista, Karniliyus, shugaban ikilisiyar birnin Rum, ya rubuta wasiƙa zuwa Antakiya yana ƙidaya ma'aikatansa: limamai 46, dikinoni 7, mataimakan dikinoni 7, masu hidimar bagade 42, sai kuma mutum 52 da suka haɗa masu addu'ar korar aljanu da masu karatu da masu tsaron ƙofa. Masanin tarihi Yusibiyus ne ya adana wannan wasiƙa. Su ne na ƙarshe a jerin, amma suna cikinsa.

Dalilin tsaron iri biyu ne. Akwai tsoron ɗan leƙen asirin hukuma. Akwai kuma tsarin ibadar kanta, domin a wancan zamani wanda bai karɓi baftisma ba yana sauraron karatu da wa'azi, amma idan an zo jibin Ubangiji sai a sallame shi a rufe ƙofa. Har yau a ikilisiyoyin Gabas dikin yakan ɗaga murya a tsakiyar sujada yana kiran a kula da ƙofofi, ko da yake an daɗe da daina fitar da kowa. Sai dai littattafan tsarin ikilisiya na ƙasar Sham, na ƙarni na 3 da na 4, waɗanda suka sa maza a ƙofar maza, mata masu hidima a ƙofar mata, sun fi damuwa da wani haɗari na cikin gida: kada a tashi talaka a zaunar da mai kuɗi. Ɗaya daga cikinsu ya umarci bishop da cewa idan matalauci ya shigo ba a sami wuri ba, ya nema masa, ko da shi bishop ɗin zai koma zaman ƙasa. Tushen maganar yana cikin sura ta 2 ta Wasiƙar Yaƙubu, inda aka tsawata wa jama'ar da ke kai mai zoben zinariya kujera mai kyau, su ce wa mai tsumma ya tsaya can. Daga baya cocin Rum ya mai da tsaron ƙofa matakin farko na hawa zuwa limanci, ana danƙa wa mutum mabuɗan coci a ranar naɗinsa. Sannu a hankali muƙamin ya zama suna kawai, ɗalibin limanci ya karɓi mabuɗi ya mayar, wani dabam ya yi shara da buɗe ƙofa. A 1972 Fafaroma Bulus na 6 ya soke shi daga jerin matakan, aikin ya tabbata a hannun waɗanda da ma su ke yin sa, wato talakawan ikilisiya.

Damagaram ba ta jira kowa ya koya mata darajar mai riƙe da ƙofa ba. Fadar da Sarki Tanimun ɗan Sulaiman ya ɗaukaka a tsawon mulkinsa, wanda ya ƙare da rasuwarsa a 1884, fada ce ta zauruka a jere, dogarai a na waje, bayin sarki da babanni a na ciki. Mai ƙara daga ƙauye yana iya kwana uku a gari bai ga sarki ba idan wanda ke tsakani bai so ba. A Kano har sarauta aka yi da sunan gaisuwar bakin ƙofa, wato Sallama, ɗaya daga manyan bayin sarki. Faransawa ma sun gane inda ƙarfin yake. Bayan sun ci Damagaram a yaƙin Tirmini a 1899, da suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya musu tawaye a 1906, sai suka tuɓe shi suka kai shi gudun hijira, suka danƙa riƙon ƙasa ga Ballama, baban fada, mutumin ƙofar ciki. Ba a maido da sarauta gidanta ba sai 1923. Wannan shi ne garin da masu wa'azin Kirista suka tarar a shekara mai zuwa: gari ne da ya san cewa wanda ya tsaya tsakanin baƙo da maigida yana iya zama mai rahama, yana iya zama ɗan rahoto.

Amma kafin su, akwai wani ɗan ƙasa da ya kamata a ambata, domin shi ma bara ne. An haifi Dorugu a wani ƙauye na yankin Kance wajejen 1840. Mahara suka kama shi yana yaro, aka bi da shi ta Damagaram zuwa Kukawa, inda Bajamushe Adolf Overweg ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai ya koma hidimar Heinrich Barth, ya bi shi har Tambutu, a 1855 kuma har Ingila. A can aka yi masa baftisma, ya zauna da malamin mishan James Frederick Schön yana ba shi labarai da kalmomi. Daga wannan zama aka sami fassarar sassan Linjila da aka fara bugawa a 1857, da nahawun Hausa na 1862, da ƙamus na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885. Sunan Schön ne a bangon littattafan. Dorugu ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912 yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932, da aikin Dokta Walter Miller na Zariya da abokansa, amma harshen da Schön ya zuba Linjila a cikinsa a 1857 harshen yaron Damagaram ne mai ɗaukar kayan wani.

Ƙungiyar Sudan Interior Mission, wadda Rowland Bingham da abokansa biyu suka fara a 1893, ta buɗe tasharta ta farko a Nijar a Damagaram a 1924, lokacin garin yana babban birnin mulkin mallaka. Bayan shekara biyu aka ɗauke hedikwata zuwa Yamai, abin da mutanen Damagaram ba su manta ba har yanzu. Hukumar Faransa ba ta sakankance da waɗannan baƙi ba. Masu jin Ingilishi ne, sun shigo daga Nijeriya, ba su bin Katolika, don haka aka sa musu ido, a zamanin gwamnatin Vichy kuma, daga 1940, aka ƙara takura musu. Malaman gari da fada su ma suna kallo. Aikin bai yi wani yaɗo a Damagaram ba, ƙarfinsa ya koma Tsibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi, inda David Osborne ya zauna tun ƙarshen shekarun 1920, daga baya aka sami asibitin Galmi a 1950 da wurin jinyar kutare na Danja a 1956. Masaniyar tarihi Barbara Cooper ta bi diddigin wannan al'umma a littafinta na 2006 a kan Kiristocin bishara na Sahel.

A irin waɗannan tashoshi ba a san wata ƙungiyar masu tarba mai kaya iri ɗaya ba. Mai gadin gidan mishan, ko kuku, ko yaron da ke ɗebo ruwa, shi ne ranar Lahadi zai share rumfa, ya jera tabarmi, ya buga ƙarfe. Sau da yawa shi ne kuma sabon tuba na farko, shi ne tafinta, shi ne wanda ya san wane ne ya zo don jin wa'azi, wane ne ya zo don magani, wane ne aka turo ya ƙirga kawuna ya kai labari. Baturen da ke gaba yana fama da Hausarsa ba ya ganin komai daga cikin wannan. Rahotannin da aka aika Kanada da Amurka cike suke da sunayen waɗanda suka tsaya a mumbari, amma duk wanda ya san zaman ƙasar Hausa ya san cewa baƙo ba ya komawa gidan da aka yi masa kallon banza a ƙofa, komai daɗin maganar maigidan. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma fuskar da mai shigowa ya fara gani ba ta Bature ba ce.

Cocin Katolika ya bi wata hanya. Limami François Faroud ya kafa mishan a Yamai a 1931, ta Damagaram ta biyo baya wajejen 1940, masu cika bencinta kuwa galibi baƙin ma'aikata ne: akawuna da malaman lakwal da ma'aikatan gidan waya daga Dahome da Togo, da sojoji, da Turawan gwamnati. A ɓangaren bishara ma akwai ƴan kasuwa Yarabawa da sauran mutanen kudancin Nijeriya. A nan maganar Wasiƙar Yaƙubu ta daina zama karatu. Ga matar kwamanda, ga akawu mai kwat da takalmi, ga Bahaushe ko Babarbare sabon tuba wanda danginsa suka juya wa baya, ga wanda ya warke daga kuturta amma yatsunsa ba su dawo ba. Wa zai zauna gaba? Wa zai yarda a haɗa shi benci da wa? Ba limami ne yake yanke wannan hukunci ba, domin shi yana ɗakin sa tufafi a lokacin. Mai tsayuwa a ƙofa ne yake yanke shi, da ɗaga hannu ko da kau da kai, sau hamsin a safiya guda. A ƙarshen 1963, da rikicin tsibirin Lete ya ɓarke, gwamnatin Diori Hamani ta kori ma'aikata ƴan Dahome, majami'un Katolika na ƙasar suka wayi gari da gurabe a bencinansu. Bishop Hippolyte Berlier, wanda ya riƙe Yamai daga 1961, ya karkata cocin zuwa zaman lafiya da hidimar makaranta da asibiti a tsakiyar Musulmi. Damagaram ta koma ƙarƙashin sabuwar diyosis ta Maraɗi a 2001, Ambroise Ouédraogo ya zama bishop ɗinta na farko.

Majami'un da suka fito daga SIM sun zama ikilisiya mai cin gashin kanta, EERN, a daidai lokacin samun ƴancin ƙasa, wajejen 1990 kuma ta rabu gida uku. Da mishan ya janye hannunsa daga tafiyar da sujada, ayyukan da barorin gida suke yi sun koma na sa kai, ana raba su tsakanin dattawan ikilisiya da matasa da Zumuntar Mata. Yana da kyau a dubi abin da aikin ya ƙunsa, domin wanda bai taɓa shiga ba yakan ɗauka tsayuwa ce kawai.

Mai tarba yakan riga kowa zuwa. A lokacin hunturu ƙura ta kwanta a kan komai, sai an kakkaɓe an share. Ya cika randa, ya jera benci, ya shimfiɗa wa yara tabarma a gaba, ya buga ƙararrawa, wadda a ƙananan majami'u ba ta wuce tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a reshen bedi. A majami'un Hausa da yawa maza gefe guda suke zama, mata gefe guda, kamar yadda ake yi a kowane taron gari, mai goyo kuma a ajiye ta kusa da ƙofa don ta fita ba tare da kunya ba idan jariri ya tsananta kuka. Wanda ya makara ana tsai da shi a waje idan ana addu'a ko karatun Littafi, a sake shi idan an ɗauki waƙa. Wannan ƙaramar doka ita ce ta fi jawo ɓacin rai, domin wanda aka tsayar yana iya zama babban ma'aikaci, mai tsayar da shi kuwa ɗan lakwal ne ko tela. Sai tashin masu gyangyaɗi a watan bazara, lokacin da kwanon rufi ya ɗauki zafi wa'azi kuma ya yi tsawo. Wannan ba matsalar Sahel kaɗai ba ce: a majami'un Turawan farko na arewa maso gabashin Amurka akwai jami'i mai doguwar sanda don wannan aiki. Sai baiko. Su ke zagayawa da jaka ko faranti, su ke ƙirgawa bayan an tashi, kuma ƙa'ida ita ce kada mutum ɗaya ya ƙirga shi kaɗai. Kuɗin ba su da yawa, dala biyar ne, dala ashirin ne, jika guda ta zama abin lura, a lokacin godiyar kaka kuma damin hatsi da kaji. Amma ƙananan kuɗi sun isa su raba ikilisiya, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai wani ɓangare da ba a rubuta shi a kowace takarda, wato riƙon asiri. A garin da kowa ya san kowa, akwai mai zuwa bayan an fara, ya zauna a bencin ƙarshe, ya fice kafin addu'ar rufewa. Wataƙila tambaya ce ke damunsa, wataƙila ya riga ya tuba iyalinsa ba su sani ba, wataƙila kuwa yunwa ce. Al'ada a majami'u da yawa ita ce a ce baƙi su miƙe su faɗi sunansu a tafa musu. Ga ɗan kasuwa daga Kwatano wannan karramawa ce. Ga ɗan gari tana iya zama asarar mata da gado. Gwanin mai tarba shi ne wanda ya san wanda zai nuna wa fasto da wanda zai yi kamar bai gani ba, kuma babu makarantar da ke koyar da wannan sai zaman zaure.

A wasu ƙasashe aikin ya zama ƙungiya mai tsari. Baƙaƙen fatar Amurka sun kafa ƙungiyar masu tarba ta ƙasa baki ɗaya a 1919, da fararen safar hannu da alamomin hannu da suke magana da su ba tare da an ji murya ba. Ga jikokin bayi waɗanda aka saba tura su bayan ɗaki ko saman bene a majami'un Turawa, tsayuwa a ƙofar majami'arsu da ikon zaunar da kowa ba ƙaramin abu ba ne. Majami'un Fentikos da suka shigo Nijar daga Nijeriya da sauran ƙasashen gaɓar teku, musamman bayan buɗe fagen siyasa da ƙungiyoyi a farkon shekarun 1990, sun zo da irin wannan tsari na kaya iri ɗaya da ɗamara a kafaɗa. Masallatai ma a wannan zamani sun cika da ƴan agaji masu kaki, suna daidaita sahu suna tsare takalma da babura. Mai lura zai ga ƙungiyoyin biyu sun fi kama da juna fiye da yadda kowannensu zai so a faɗa.

Daga shekara ta 2000 nauyin ƙofa ya sake. A watan Nuwamba na wannan shekara zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maraɗi, aka kai wa majami'u hari. Ranar 14 ga Satumba 2012, bayan sallar Juma'a, masu fushi da wani fim da aka yi a Amurka suka farfasa cocin Katolika na Damagaram. A ƙetaren iyaka abin ya fi muni: bam na Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, harin da aka kai wa masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ta Kano a watan Afrilu 2012, da hare-haren majami'un Zariya da Kaduna a watan Yuni na shekarar. A majami'un arewacin Nijeriya matasa masu tarba suka koma masu binciken jaka da na'ura a hannu, mata suka daina shiga da manyan jakunkuna, aka hana motoci matsowa. A Lahor ta Pakistan, ranar 15 ga Maris 2015, wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Akash Bashir, mai gadin sa kai a cocin Katolika na unguwar Yuhanabad, ya rungume ɗan ƙunar baƙin wake a bakin ƙofa ya hana shi shiga, suka mutu tare. A 2022 cocin ya buɗe binciken da ake yi kafin a sa mutum cikin waliyyai.

Ranar Damagaram ita ce Juma'a, 16 ga Janairu 2015. Kwana biyar kafin nan Shugaba Mahamadu Isufu ya halarci jerin gwanon birnin Paris bayan kisan ma'aikatan jaridar Charlie Hebdo, ranar Laraba kuma jaridar ta sake fitowa da zanen da ya ɓata wa Musulmin duniya rai. Bayan an sauko daga masallaci taro ya bazu cikin gari. Aka ƙone cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, aka ƙone majami'u da makarantar mishan, aka fasa gidaje da shagunan Kirista. Mutum 5 suka mutu a Damagaram, ɗaya daga cikinsu an tsinci gawar a cikin cocin Katolika da ya ƙone. Ɗaruruwan Kirista suka fake a barikin soja. Washegari wutar ta kama Yamai, inda ƴan sanda suka ƙidaya majami'u 45 da aka cinna wa wuta, adadin matattu a ƙasar ya kai 10, gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku. Masu nazari sun yi ta jayayya a kan rabon addini da rabon siyasa da rabon zaman banzan matasa a cikin abin da ya faru, kuma kowanne yana da hujja. Abin da ya shafi wannan tarihi shi ne, a ranar babu mai tsaron ƙofar da zai iya tsare komai. Ƙofofin da suka ceci mutane na maƙwabta ne. An sami Musulmi da suka shigar da Kirista cikin gidajensu suka tsaya a zaure suka ce babu kowa, wasu suka ɓoye musu kaya har ƙura ta lafa. Littattafan sira sun ruwaito cewa an karɓi tawagar Kiristocin Najran a cikin masallacin Madina. Ko waɗannan maƙwabta sun tuna da wannan ruwaya ko ba su tuna ba, sun san abin da ake nufi da baƙonka annabinka.

An sake gina majami'un da yawa, da taimakon ciki da na waje, kuma ginin ya zo da katanga mai tsawo da ƙyauren ƙarfe. Wurin tsayuwar mai tarba ya ƙaru: ɗaya a ƙofar ɗakin sujada da takardar waƙoƙi a hannu, wani a ƙofar harabar yana duban titi. A ranakun manyan bukukuwa, Kirsimeti da Ista, akan ga jami'an tsaro a waje, amma su ba su san fuskoki ba, sai sun waiwayi ɗan ikilisiya ya gyaɗa kai. Tsohuwar matsalar Karniliyus ta dawo ke nan a cikin rigar zamani. Idan aka tsananta bincike, mai zuwa a ɓoye ba zai sake zuwa ba, ikilisiya ta zama kulob na waɗanda aka haifa a ciki. Idan aka sassauta, kowa ya san abin da ake tsoro. Wanda ke auna wannan a kowace Lahadi yawanci saurayi ne ko budurwa da aka zaɓa don yana zuwa da wuri kuma ba ya da saurin fushi.

Ranar ɗaurin aure ce take nuna aikin gaba ɗayansa. Malamin makaranta Kirista zai aurar da ƴarsa, abokan aikinsa Musulmi suka zo, har da dattijon da ya taso tun daga Guna ko Mirya saboda malamin ya taɓa koyar da ƴaƴansa. Dattijon bai taɓa taka majami'a ba. Ya tsaya daga nesa da babbar riga, bai san ko ana cire takalmi ba, bai san ko zamansa a ciki zai zama abin magana idan ya koma gida ba. Mai tarba ya fito har waje ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, «Baba, sannu da zuwa, an sha hanya.» Ba ya jan hannunsa zuwa ciki. Akwai benci da aka riga aka ajiye a inuwa kusa da taga, inda ake jin komai ba tare da an shiga ba, da buta cike da ruwa a gefe saboda azahar za ta yi kafin a gama. Idan jakar baiko ta zagayo, mai ɗauke da ita ya san bencin da zai tsallake.